Da Sauƙin da Ya Ci Ƙafar Alhaji

Shekara ashirin da biyu na yi ina aikin takardu a ofishin ƙaramar hukuma a Largo, kuma har na yi ritaya ba a taɓa dawo mini da fayil an ce na yi kuskure ba. Na fara da wannan ne don a san ba rashin karatu ya kayar da ni ba. Na iya takardar Amurka. Na san inda suke ɓoye magana, can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙen da sai ka sa tabarau. Matan masallacinmu wurina suke kawo fom, in zauna ina cike musu ina yi musu faɗan rashin kula. Da an ga ambulan mai kauri sai a ce a kai wa Hajiya ta duba. To, takardar gidana ce ta ci ni.

Mijina, wanda nake kira Alhaji kamar yadda kowa yake kiransa, ya taso daga Zariya ne don karatun injiniya. Karatun ya yi, aikin bai samu ba, sai ya kama tuƙin tasi da niyyar shekara ɗaya. Ya yi kusan talatin a ciki. Duk titunan arewa maso yammacin Washington, wajen ofisoshin jakadanci da jami'a, ya san su fiye da lungunan unguwarsu. Direban tasi ba shi da mai gida da zai yi masa inshorar lafiya, don haka tun farko a ƙarƙashin tawa yake, kuma da na yi ritaya haka muka ci gaba. Kujerar motar nan ita ta cinye masa baya. Da fari ciwon a ƙugu ya tsaya, ya ce gajiya ce. Daga baya ya gangaro ƙafar hagu. Har ta kai daga ƙofar gida zuwa inda muke ajiye mota sai ya tsaya sau biyu, ya dafa shingen maƙwabta yana yi kamar yana kallon furanninsu.

An yi masa allurai a baya har sau uku. An tura shi gashin ƙashi, ya yi wata da watanni yana zuwa sau biyu a mako. A ƙarshe aka haɗa mu da likitan tiyata, wani dogon mutum mai ƙarancin magana, ya ɗora hoton bayan Alhaji a allo ya nuna mana da biro. Ya ce ƙashi ne ya matse hanyar jijiyar da take sauka ƙafa, sai an buɗe an yi mata fili. Ya ce idan aka bar ta a matse za ta iya mutuwa, kuma jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba. Ya sa mana rana a watan Janairu. Lokacin muna cikin Oktoba, kuma na fito daga ofishin ina jin an sauke mini kaya.

Mako biyu bayan nan ambulan ya iso daga tsohon wurin aikina. Sun ce tsarin inshorar da muke ciki, mu 'yan fansho, zai ƙare da ƙarshen shekara. Sun ajiye mana biyu mu zaɓi ɗaya cikin 'yan makonni, kuma duk wanda ka ɗauka da shi za ka zauna har shekara ta zagayo. Ke nan tiyatar Alhaji a hannun sabon tsarin za ta faɗa.

Na shimfiɗa littattafan biyu a teburin cin abinci da jan biro a hannu. Na farko mai tsada ne. Duk wata zai yanki fanshona yankan da za a ji, amma ka je wurin likitan da ka ga dama, kuma in likita ya ce a yi aiki, a yi kawai, babu neman izinin kowa. Na biyu mai araha ne, har da kyautar gilashin ido da wankin haƙori, da hoton wasu tsofaffi biyu a bango suna dariya a kan keke. Sharaɗinsa biyu: likitanka ya kasance cikin jerin nasu, kuma babban aiki irin tiyata sai sun amince tukuna. Na duba jerin, na ga sunan likitanmu a shafi na arba'in da wani abu, na zagaye shi da ja.

Na kai wa Alhaji maganar yana kwance a kan darduma, ya ɗora ƙafafunsa a kujera, don a haka kaɗai yake samun sa'ida.

“Alhaji, ga su nan guda biyu. Bayanka ne, ka sa baki.”

“Hajiya, ke kika san takardu. Wanda kika ga ya yi, shi ke nan.”

“Wannan ba amsa ba ce.”

“To, wane ne ba zai sa mu daina aika wa Yaya ba?”

Yayarsa yake nufi, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tsohuwa ce yanzu a Zariya kuma da abin da muke aikawa take cin abinci. Na ji haushin tambayar, don na san ya ba ni amsa ne ba tare da ya ɗauki nauyinta ba. Haka yake tun muna yara. Ya tura ka gaba da murmushi, in abu ya yi kyau ya ce Allah ya yi maka albarka, in ya ɓaci ya ce haka Allah ya so.

Ina da ƙawa a Takoma Park, 'yar Maraɗi, wadda ta yi ritaya daga aikin rediyo. Ita ta riga ni shiga wannan rigimar lokacin aikin gwiwarta. Na kira ta, ban gama bayani ba ta katse ni.

“Hajiya, ki ɗauki mai tsadar. Asirans ɗin da zai ce sai ya yarda, wallahi bai son yarda. Ki ci tuwo ba nama shekara guda, ya fi miki.”

Inshora take nufi da asirans, haka suke cewa a Maraɗi. Na ce mata na karanta littafin daga bango zuwa bango. Ta ce ita ma ta karanta nata. Na ajiye waya ina cewa a raina, mai karanta labarai ce za ta koya mini fom? 'Yarmu ma, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa, ta ce in ɗauki mai tsadar za ta riƙa taimakawa. Na ce ta riƙe kuɗinta ta biya hayarta. Ba na son in ɓoye wannan: akwai maganar Yaya, gaskiya ne, amma akwai girman kai. Na ƙi jinin a ce an sayar mini da tsoro. Gani nake mai tsadar tarko ne da aka ɗana wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Duk da haka ban yi gaggawa ba. Na kira kamfanin mai arahar, na jira kusan awa ɗaya ina sauraron kiɗa, har wata mata mai zaƙin murya ta ɗauka. Na tambaye ta ƙarara me suke dubawa kafin su amince da aikin baya. Ta ce abu ne mai sauƙi. Takardun asibiti su nuna an gwada allura da gashin ƙashi na tsawon lokacin da aka ƙayyade, kuma mara lafiya bai samu sauƙi ba. Na sa ta maimaita, na rubuta da hannuna, har da lokacin da muka yi magana. Dariya ma na yi. Mutumin da ba ya iya tsayuwar raka'a biyu, wane sauƙi? A ranar na cike fom, na sa hannu, na kai gidan waya da kaina. Na dawo na dafa mana shinkafa da wake, na ce wa Alhaji an gama.

Janairu ta zo. Na wanke masa kayan asibiti, na haɗa jaka, 'yarmu ta ɗauki hutun aiki. Saura kwana uku aka kira daga ofishin likita. Yarinyar da ta kira ta yi ta ba da haƙuri kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira. Kamfanin bai amince ba, an ɗage aikin. Na ce kuskure ne, ta ce wasiƙa tana hanya.

Wasiƙar shafi huɗu ce, amma layi ɗaya ne a cikinta. Sun ce takardun asibiti sun nuna mara lafiya yana samun sauƙi da maganin da ake yi masa, don haka tiyata ba ta zama dole ba. Na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, cikin sanyi, ba ko mayafi mai kauri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ƙarya suke yi, kuma ni zan kama su, don kama ƙaryar takarda shi ne sana'ata.

Washegari na je asibiti na nemi kwafin duk abin da aka rubuta a kansa. Suka ba ni tuli. Na shiga jirgin ƙasa na Metro don dawowa, na buɗe a cinyata, na fara da na wurin gashin ƙashi. Kowace ziyara tana da shafinta, kuma kowane shafi da layi ɗaya yake farawa, wato abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa da aka tambaye shi jiki. Shafin farko an rubuta, ya ce better. Na biyu, ya ce better, ya gode wa Allah. Na uku haka. Na yi ta juyawa ina neman inda ya ce wani abu dabam, ban samu ba. Jirgin ya zo ƙarshen layi a Largo, kowa ya fita, ina zaune. Sai da ma'aikaci ya ƙwanƙwasa gilashi na tashi.

Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. “Da sauƙi” yake cewa. A wurinmu in an ce maka ya jiki, amsa ɗaya ce. Na ga mahaifina a gadon asibiti a Kano, saura kwana biyu ya rasu, ana tambayarsa yana cewa da sauƙi, alhamdulillahi, kuma babu wanda ya ɗauka rahoto yake bayarwa. Gaisuwa ce, kuma godiya ce ga Allah a kan abin da bai kai ba. Mai tambaya ya san haka, sai ya dubi fuskarka da yadda kake zaune ya gane sauran. Alhaji ya ɗauki wannan amsar ya juya ta Turanci, ya yi ta miƙa wa mutanen da suke rubuta duk abin da aka faɗa musu.

Na shiga gida da takardun a hannu, ko sallama ban yi da kyau ba.

“Alhaji, me kake gaya wa mutanen nan in sun tambaye ka jiki?”

“Me zan gaya musu? Na amsa gaisuwa.”

“Ba gaisuwa ba ce! Rubutawa suke yi! Ka ce musu kana warkewa, sau ashirin ka ce musu kana warkewa!”

Ya ɗaga ido ya dubi silin. Can ya ce, “Yarinyar nan mai gasa mini baya, sa'ar 'yarmu ce. Tana ta wahala da ni, tana ɗaga ƙafata, tana gumi. Ta tambaye ni, in dube ta in ce aikinki na banza ne?”

“Eh! Haka za ka ce!”

“Kuma in ce babu sauƙi, alhali ina numfashi, ina cin abinci? Hajiya, ki ji tsoron Allah.”

Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba. Na ce kunyarsa ta banza ta jawo mana wannan. Na ce shekara arba'in a ƙasar nan bai koyi komai ba sai tituna. Bai rama ba, kuma rashin ramawar ya ƙara tunzura ni. Na kwashi takardun na koma tebur don in haɗa hujjar ɗaukaka ƙara, ina huci.

A nan na iso shafukan likitan tiyata. Akwai ziyarar da muka je tare a watan Oktoba, na tuna ta sarai. Likita ya gama duba shi ya juyo wurina ya ce, a gida fa, yaya yake? Ni kuma, da mijina zaune a gefena, a gaban baƙo, ba zan ce sai na sa masa safa ba, ba zan ce a zaune yake wanka ba. Na ce yana ƙoƙari, mun gode Allah, ya fi da. Ga shi an rubuta baƙi da fari: matarsa ta tabbatar ana samun ci gaba. Na sake duba wasiƙar kamfanin, sai na ga wannan layin suka fi kafa hujja da shi.

Na daɗe a wurin. Ni da nake yi wa mata faɗa kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba, ban taɓa tunanin bakina ma sa hannu ba ne. Na tambayi matar kamfanin duk abin da ya kamata, na rubuta amsarta, abu ɗaya ne ban yi ba, ban nemi takardun mijina na karanta kafin in zaɓa ba. Aikin rabin yini ne. Da na gani, ko da bashi sai na ɗauki mai tsadar, wanda ba ruwansa da abin da Alhaji ya gaya wa kowa. Na ninke shafin na sa a jakata. Ban nuna masa ba, kuma ban ba shi haƙurin abin da na faɗa masa ba, don ba da haƙurin zai sa in yi bayani.

Daga nan aka shiga ja-in-ja. Na kira tsohon ofishina na ce ina so in canza tsari, suka ce ƙofa ta rufe sai ƙarshen shekara. Na ce lalura ce, suka karanto mini abubuwan da suke ɗauka lalura: aure, saki, haihuwa, mutuwa, ƙaura. Ƙafa ba ta ciki. Na tambayi asibiti nawa ne in mutum zai biya da kansa, da aka faɗa mini sai na ce na gode na ajiye waya. Wani a masallaci ya ce mu tafi Masar ko Indiya, likita ya ce bayan nan ba zai ɗauki zaman jirgi na awanni ba. Na rubuta ɗaukaka ƙara shafi shida, na yi musu bayanin gaisuwar Hausa dalla-dalla, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Likita ma ya rubuta tasa. Bayan wata guda suka amsa cewa ba za su iya aiki da al'ada ba, da takarda suke aiki. Suka ce ya sake zagayen gashin ƙashi daga farko, in sababbin takardu sun nuna babu sauƙi za su sake dubawa.

'Yarmu ta zo ranar Asabar don ta koya wa ubanta yadda ake ciwo a Amurka. Ta zaunar da shi, ta ce ita ce ma'aikaciyar asibiti. Ta ce za a tambaye shi daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne, goma shi ne mafi tsanani.

“Baba, faɗi. Nawa?”

“Biyar.”

Ta dafe kai. Ta ce masa da Turanci jiya ta ga hawaye a idonsa lokacin da zai tashi daga kujera.

“To, shida.”

“Baba, tara. Ka ce tara.”

“In na ce tara, wanda mota ta take fa, ya ce nawa? Ki bar wa mutane wuri.”

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta tashi ta shiga kicin. Ni ban yi dariya ba. Na ce daga yau ni zan riƙa raka shi, kuma ni zan yi magana. Haka aka yi. Sau biyu a mako ina tsaye a kansa ina tona masa asiri a gaban yara ƙanana. Ina cewa ba ya iya sa wando da kansa. Ina cewa ya faɗi a banɗaki ranar Talata. Ina cewa fitsari yana kufce masa kafin ya kai. Suna rubutawa, shi kuma yana kallon ƙasa. A mota ba ya yi mini magana har mu iso gida. Na san abin da nake yi masa, kuma na san dole ne, amma ban taɓa jin na tsani kaina kamar a watannin nan ba.

Sanyi ya wuce, ganye ya fito, muna nan. Aka gama zagayen, aka aika takardu, suka ce shafi biyu sun ɓace, aka sake aikawa. Suka ce likitansu yana so ya yi magana da likitanmu, aka yi mako uku ba su haɗu a waya ba. Ƙawata ta Takoma Park tana zuwa da fura da ta dama da kanta, ta zauna ta yi hira da Alhaji. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Wata Juma'a a farkon zafi na kai shi masallaci. Lokacin ya koma salla a kujera, can ƙarshen sahu. Bayan an idar ina jiransa a mota, na hango shi yana tahowa da sandarsa a hankali, yana jan ƙafar hagu. Wani dattijo ya biyo shi da sauri yana kira, Alhaji, Alhaji, riƙe da takalmi ɗaya. Takalmin Alhaji ne ya zame tun daga bakin ƙofa. Ya taka kwalta mai zafi da tsakuwa, ya yi tafiyar da ta kai tsawon sahu uku ko huɗu da ƙafa tsirara, bai sani ba. Ya tsaya ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. Dattijon ya durƙusa zai sa masa, ƙafar ta ƙi ɗaguwa, yatsun suna kallon ƙasa.

Ban kai shi gida ba, asibiti na wuce kai tsaye. Likitanmu ya zo da yamma, ya ce wa Alhaji ya ɗaga babban yatsan ƙafar. Alhaji ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta fito, yatsan bai motsa ba. Likitan ya fita da waya a hannu, na ji muryarsa a baranda, karo na farko da na ji ya ɗaga ta. Cikin kwana biyu kamfanin ya amince. Wasiƙar ta iso gida bayan an riga an yi aikin, kuma ta fara ne da cewa suna farin cikin sanar da mu.

An yi aikin lafiya, haka kowa ya ce. Ciwon bayan ya ragu sosai, wannan ban musa ba. Aka ce mu ba jijiyar lokaci, wani sa'in takan farfaɗo. Aka yi masa wani abin roba mai tauri da ake ɗaurawa daga ƙauri zuwa tafin ƙafa don kada yatsun su riƙa tuntuɓe. Kullum da safe bayan ya karya sai in zauna a ƙasa in riƙe ƙafar a cinyata in ce ya motsa. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Wani lokaci sai in ga kamar yatsan ya yi rawa, in kira 'yarmu a waya, daga baya in gane hannuna ne yake rawa. Ƙaurin ya fara ramewa, ya koma siriri kusa da ɗan'uwansa.

A ziyarar wata na shida likita ya sa aka gwada jijiyar da wasu allurai masu waya. Ya duba sakamakon ya daɗe. Ya ce jijiyar ƙafar dama ta tsira, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta hagu kuwa, ya ce kada mu ci gaba da jira. Na tambaye shi abin da na san bai kamata in tambaya ba. Na ce da a Janairu aka yi fa? Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba ya son yin magana a kan abin da ya wuce. Na ce ina so in ji. Ya ce a Janairu yatsan yana motsi.

A hanyar gida ban kunna rediyo ba. Shafin nan yana jakata tun ranar, ya yi laushi don ninkewa. Muna tsaye a danja na ce, “Alhaji, akwai abin da ban gaya maka ba. Ba kai kaɗai ka faɗa musu ba. Ni ma na faɗa, kuma tawa suka fi riƙewa.”

“Na sani,” ya ce. “Ina wurin ai.”

“Ka sani, ka bar ni na yi ta zaginka?”

“To, in ce me? Rufa mini asiri kika yi.”

Na so ya yi fushi. Wallahi na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya, ya ce ni na kashe masa ƙafa, in samu abin da zan riƙe. Motar baya ta yi mini hon, na ja muka tafi.

Gidanmu irin na jere ne, ƙunƙuntacce, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Tun bayan aikin, hawa benen nan yake yi a zaune, da baya da baya, mataki ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi da sanda. Muna cewa na ɗan lokaci ne. Ranar da muka dawo daga wurin likita ya tsaya a gindin benen ya dube shi har sama, bai zauna a matakin ba. Ya juya ya nufi kujerar falo.

“Hajiya, ki kira mutanen masallaci gobe su sauko da gado.”

Suka zo su uku bayan la'asar, da awo da sukurdireba. Suka auna gadonmu, suka auna falon, suka sake aunawa. Babbansu ya sosa ƙeya ya ce in gadon ya shiga, ƙofar waje ba za ta buɗe ba. Sai dai ƙaramin da yake ɗakin 'yarmu, na mutum ɗaya. Alhaji ya ce a sauko da shi. Suka jingina shi da bango inda talabijin take, suka sha ruwa, suka yi masa addu'a suka tafi.

Na shimfiɗa zanin gado, na kawo matashinsa, na jera hulunansa a kan teburin gefe. Na tsaya ina duban faɗin katifar. Shekara talatin da shida ba mu taɓa raba ɗaki ba, ko ranar da muka yi faɗa.

“Ni fa, a ina zan kwanta?”

Yana kwance robar ƙafarsa, bai ɗago ba.

“A sama mana, Hajiya. Ke ai ƙafafunki suna hawa.”